Akwatin Ufuoma

Ranar Litinin da safe Ufuoma ta buɗe kabad ɗin kulob ta tarar babu akwatinta. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a kan benci ta ɗora hannu biyu a ka, ruwan sama yana ta dukan kwanon rufi. A haka Papa Mudiaga ya shigo ya same ta.

"Migwo, Papa," ta ce, ta ɗan rusuna daga zaune, kamar yadda ƙarami yake gaida babba a yarensu.

"Vrendo, 'yata. Wa ya mutu?" in ji shi. Vrendo ita ce amsar babba ga ƙarami.

"Akwatina, Papa. An ɗauke."

Kulob ɗin ɗaki ɗaya ne na katako a bayan tsohon injin yanka katako a Sapele. Nan suke buga Sikirabul, wasan da ake harhaɗa kalmomin Turanci a kan allo. Ufuoma tela ce, kuma shekara goma sha ɗaya tana cika wannan akwati da katunan da ta rubuta da hannunta. Kowane kati, a gabansa haruffa bakwai ne a jere, a bayansa kuma kalmomin da suke fita daga cikinsu. Ta raba su gida-gida. Haruffa shida su ne uwa, na bakwai shi ne baƙo. A, E, I, N, R, T, in M ya shigo sai a sami MINARET, in P ne PAINTER, in L ne LATRINE. Ba ruwan kowa da ma'anarsu. Katin da ta ci sai ta mayar da shi baya, wanda ya kayar da ita ya dawo gaba, gobe su sake haɗuwa. A kulob take ajiye shi saboda ɗakinta yana yoyo. Ranar Asabar kuma za a buga wasan fitar da wanda zai wakilci garin a birnin Asaba.

Kafin rana ta take, mutane sun cika ɗakin. Ba a fasa kwaɗo ba. Makullai uku ne kawai: ɗaya wurin shugaba, Ticha Akpofure, ɗaya wurin Edafe mai kula da kayan wasa, ɗaya wurin Mama Ejiro, wadda take share ɗakin tana sayar da miyar banga ta kwakwar manja da tuwon sitacin rogo a bakin ƙofa shekara goma sha huɗu.

Edafe ne ya fita ya dawo da guntun kati a hannu, rabinsa ya ƙone.

"A murhunta na tsinta," ya ce. "Ku duba, rubutun Sista Ufuoma ne. Ta hura wuta da su!"

"Ni?" Mama Ejiro ta dafe ƙirji. "Edafe, ni da na san ka tun kana yawo ba wando?"

"To yanzu ina da wando, Mama. Ina akwati?"

Ɗakin ya kaure. Wani ya ce dama ita ba ta iya karatu ba, takarda duk takarda ce a wurinta. Wani ya ce a kore ta yau ɗin nan. Ticha Akpofure ya ɗaga hannu. Tsoho ne dogo, tsohon malamin makaranta, shi ya koya wa rabin mutanen ɗakin wasan.

"Ba yau ba," ya ce a hankali. "A ba ta zuwa Juma'a. In akwati bai fito ba, sai ta kwashe tukwanenta. Kawo makullin, Mama Ejiro."

Ta kunce shi daga bakin zanenta ta miƙa masa. Ta juya ta dubi Papa Mudiaga.

Ya san abin da kallon yake nufi. Shekara talatin ya yi yana gadin daji, yana bin sawun ɓarayin katako cikin laka, har gwiwoyinsa suka ƙare. Da ya ajiye aiki ya yi rantsuwa ba zai sake bin sawun kowa ba. Amma tun da matarsa ta rasu, shekara shida ke nan, miyar matar nan yake ci kullum, kuma ko sau ɗaya ba ta manta cewa cikinsa ba ya son yaji ba.

Ya yi ajiyar zuciya, ya dafa sandarsa ya miƙe.

Ya zaga ɗakin sau biyu. Ƙasa duk garin katako ne da ruwa, ta zama kamar koko. Abin da ruwa ya bari na sawu, takalmin roba ne, irin wanda kowa a Sapele yake sawa da damina. Ya tsuguna ya duba, ya kasa tashi sai da ya kama bango. Bai samu komai ba sai ciwon baya.

Ranar Talata ya je shagon Ufuoma. Tana kan keke tana ɗinka rigar coci, idanunta sun kumbura.

"Katin nan da ya ƙone," ya ce, "daga akwatin yake?"

"A'a, Papa. In kati ya yi laushi nakan sake rubuta shi, in jefa tsohon a kwandon shara. Mama Ejiro takan kwashe ta hura wuta. Ni na ce ta riƙa ɗauka."

"To me ya hana ki faɗa jiya?"

"Na faɗa. Sau biyu. Muryata ce ba ta kai ta Edafe ba." Ta tsayar da keken. "Kuma ko sun ji, za su ce wanda ya saba ƙona ɗaya zai ƙona dubu. Papa, ka tambayi Edafe me babur ɗinsa yake yi a ƙofar kulob ranar Lahadi da safe. Ina hanyar coci na gani."

Edafe yana gyaran waya a wata rumfa kusa da kasuwa. Da ya hango sandar Papa Mudiaga sai ya fara dariya.

"Oga ɗan sanda! An zo kama ni?"

"Ba ni kujera tukuna, marar kunya."

Ya ba shi, har da ruwan sanyi. Da Papa Mudiaga ya tambaye shi, bai musa zuwansa kulob ranar Lahadi ba. Ya ce rigar ruwansa ya manta a rataye a ƙusa a waje, ita ya je ɗauka.

"Ka shiga ciki?"

"Da me?"

"Da makullinka."

Edafe ya sosa ƙeya. Ya dubi hagu ya dubi dama, ya rage murya. "Papa, don Allah kar ka tona ni. Makullin ya faɗa kogi tun watan Maris, ina cikin kwalekwale. Ban faɗa wa Ticha ba, ka san shi da faɗa. Wata uku ke nan ina zama a waje sai Mama Ejiro ta buɗe."

"Matar da take buɗe maka, ita ka tsaya a gaban mutane ka ce wa ɓarauniya."

"To ai ganin katin na yi." Ya ɗaga wayarsa. "Ni me zan yi da akwatin zamanin kaka? Duk kalmomin duniya suna nan. Kuma ranar Asabar ina so in lallasa Sista Ufuoma da akwatinta a gefenta, kar ta ce an cuce ta."

Papa Mudiaga ya tuna sau nawa ya tarar da Edafe zaune a kan babur a ƙofar kulob yana cewa iska yake sha. Gaskiya ya faɗa. Saura makullai biyu ke nan. Bai so ya ƙarasa wannan tunanin ba, sai ya tafi gida ya shafa man zafi.

Ranar Laraba da rana ya je gidan Ticha Akpofure. Abokinsa ne tun suna samari. Suka zauna a baranda, matar Ticha ta kawo musu busasshen garin rogo da gyaɗa, suka buɗe allo.

"Mai daji, ka samo ɓarawon?"

"Na samo ciwon gwiwa dai."

"Ka bar wahalar da kanka. Ranar Juma'a zan roƙi mutane su yafe mata. Wataƙila ma akwatin ya dawo da kansa."

"Akwati yana da ƙafa ne, Akpo?"

Ticha ya koma kan wasa. Ya ƙura wa haruffansa ido, ya juya su, ya sake juya su. Papa Mudiaga ya tuna wasansu na ranar Asabar da ta wuce, da mutumin nan ya zauna da haruffa bakwai har agogon wasa ya cinye masa lokaci, sannan ya buga wata 'yar kalma mai haruffa uku. A lokacin ya ɗauka gajiya ce.

Da suka gama, Ticha ya kwashe 'ya'yan wasan don a ƙirga. Haka ake yi bayan kowane wasa, a tabbatar ɗari cif ne. Kowa a kulob yakan tara su kashi huɗu a kusurwoyin allo, ashirin da biyar-biyar. Ticha shi kaɗai yake jera su layi goma, goma-goma. Kafin ya fara kuma sai ya zaro guda biyun nan da ba su da harafi, waɗanda suke kira masu sanƙo, ya ɗora su a kan agogo. Mai sanƙo yana zama kowane harafi, shi ya sa ɓarayin wasa suke ɓoye shi a hannun riga. Shekara goma sha tara da suka wuce, a wata gasa a Benin, an tsinci ɗaya a ƙarƙashin kujerar Ticha, aka caje shi a gaban jama'a har takalmi. Daga baya aka gane faɗuwa ya yi. Amma tun daga ranar, masu sanƙo yake fara nunawa, inda kowa zai gani.

"Har yanzu kana wannan abin," in ji Papa Mudiaga.

"Har in mutu," in ji Ticha.

Ranar Alhamis ruwa ya ɗan tsagaita. Mama Ejiro tana bakin ƙofar kulob kamar kullum, tukunya cike, ba wanda ya saya tun Litinin. Ta zuba masa ba tare da ya tambaya ba.

"Ci, Papa. Gobe war haka ina gida ina kallon bango."

"Ranar Lahadi kin zo nan?"

"Bayan coci, na zo shara. Sun tambaye ni sau goma."

"Ba ki ga komai ba?"

"Me zan gani? Ƙazantarku dai. Manyan mutane da gemu, ku gama wasa ku bar kaya a kan tebur, ni in zo in kwashe. Kuma yau ni ce ɓarauniya."

Hannunsa ya tsaya a cikin miya.

"Wane kaya?"

"'Ya'yan wasanku mana. Na zuba su a jaka na mayar kabad."

Papa Mudiaga ne ya buga wasan ƙarshe ranar Asabar. Shi ya zuba su a jaka da hannunsa, ya ɗora jakar a kan akwatin Ufuoma. Wanda ya ja akwatin, dole jakar ta faɗo, 'ya'yan su watse a ƙasa. Baƙon ɓarawo zai taka su ya wuce. Mai shara za ta tattara su ta zuba. Ɗan wasa ne kaɗai ba zai iya fita ba sai ya ƙirga.

"A warwatse kika same su?"

"Ina! A jere reras kamar kunyar doya. Layi-layi, na ƙarshen da giɓi biyu kamar bakin tsohuwa. Su kuma biyun nan marasa rubutu an ɗora su a kan agogo kamar wasu sarakuna." Ta dube shi. "Papa, lafiya? Yaji ya yi yawa ne?"

"A'a," ya ce. "Miyar ta yi daidai."

Bai ƙara cin ko loma ɗaya ba. Ya wanke hannu, ya kama hanya a hankali. Sau biyu yana tsayawa ya huta, ko da yake ba gwiwa ce ta tsayar da shi ba. Ya tarar da Ticha a bakin ƙofar gidansa yana gyara lema. Bai shiga ba.

"Akpo, gobe kafin ka yanke hukunci zan sa a ƙirga 'ya'yan wasa. Kai da Edafe da Ufuoma, kowa da jakarsa. Sai in kira Mama Ejiro ta nuna irin jerin da ta tarar ranar Lahadi."

Ticha ya ci gaba da taɓa ƙarfen lemar. Can ya ce, "Me ya sa ka zo ka faɗa mini?"

"Shekara arba'in da biyar muna abota, Akpo. Shi ya sa."

Ranar Juma'a da la'asar ɗakin ya cika har taga. Ruwa ya dawo. Mama Ejiro tana waje ƙarƙashin rumfa, ta riga ta ɗaure tukwanenta a cikin buhu. Ticha, da ya buɗe ƙofa tun da rana ya koma gida, ya shigo a makare, riƙe da jakar leda babba, ya tura ta ƙarƙashin kujerarsa.

Papa Mudiaga ya miƙe da ƙyar. Ya faɗi maganar katin da ya ƙone, Ufuoma ta gyaɗa kai. Ya ce Edafe ba shi da hannu, bai faɗi dalili ba, Edafe ya sunkuyar da kai. Sannan ya ajiye jaka uku a kan tebur uku, da allo da agogo.

"Ku ƙirga mini," ya ce.

"Papa, jarabawa ce?" in ji Edafe. "Ni fa lissafi ne ya kore ni daga makaranta."

Aka yi dariya kaɗan. Edafe da Ufuoma suka juye jakunkunansu, nan da nan kowa ya tara kashi huɗu a kusurwoyi.

Ticha ya juye tasa. Ya ja biyar zuwa kusurwa, ya jera kamar yadda kowa yake yi. Ya ja biyar ya ƙara. Papa Mudiaga ya ƙura wa hannun Ticha ido. In mutumin nan ya gama kashi huɗu, shi ba shi da wata hujja, kuma Mama Ejiro za ta ɗauki buhunta.

A layi na uku hannun Ticha ya tsaya. Mai sanƙo ne ya faɗo cikin yatsunsa. Ya riƙe shi, yana kallonsa kamar bai taɓa ganin irinsa ba. Daga waje aka ji ƙarar murfin tukunya ya faɗi, Mama Ejiro tana gyara buhu.

Ya sa hannu ya rushe abin da ya jera. Ya lalubo mai sanƙo na biyu, ya ɗora su duka a kan agogo. Sannan ya fara layi goma, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ana kallonsa har ya kai kan giɓi biyun nan na ƙarshe.

"Ba sai an kira ta ta nuna ba," ya ce. Ya sunkuya ya jawo jakar ledar, ya ɗora akwatin a kan tebur. "Ni ne. Ranar Lahadi da safe, kuna coci. Ina cikin ƙirga na ji babur a ƙofa, na lafe, da ya tafi na fice na manta su."

"Ticha!" in ji wani daga taga.

"Ranar Asabar na zauna da A, E, I, M, N, R, T," ya ce, bai ɗago ba. "Na duba na duba, ban ga komai ba. MINARET fa, kalmar da nake fara koya wa sababbi. Wata shida ke nan suna zubewa daga kaina. Nawa katunan ambaliya ta cinye su tuntuni. Na ce in ara nata kwana biyu in mayar, ba wanda zai sani. Kwana biyu suka yi, ban riƙe ko gida ɗaya ba. Na ce in ƙara kwana."

"Da ka tambaye ni, Ticha," in ji Ufuoma. "Kai fa ka koya mini yanka katin."

"Da sai in ce miki me? Na zama fanko?"

Ta buɗe akwatin. Jerin duk ya canja. Katunan da suka yi shekaru a can baya, waɗanda ta daɗe da gamawa da su, su ne cunkushe a gaba, wurin katunan da suka kayar da mutum. Ta zaro na farko ta juya. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta mayar ta rufe akwatin ta rungume shi.

"Maganar akwati tsakaninku ce," in ji Papa Mudiaga. "Ni ba don akwati na bi sawun nan ba. Edafe, kira ta."

Mama Ejiro ta shigo, ta riga ta ji komai. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin, hannu a ƙugu.

"Kwana biyar, Ticha," ta ce. "Kwana biyar kana wucewa ta gaban tukunyata. Ka karɓi makulli daga hannuna kana kallon idona."

Ya laluba aljihu ya fito da makullin, ya ɗora a kan tebur.

"Ba a tebur na ba ka ba."

Ya ɗauka. Ya zagayo teburin. Ya girme ta da shekara ashirin, kuma ba wanda ya taɓa ganin gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Ya dafa benci, ya sauke ɗaya, ya sauke ɗayar, a kan garin katakon da takalma suka shigo da shi. Ya ɗaga makullin da hannu biyu.

"Migwo," ya ce.

Wata mata ta toshe baki. Mama Ejiro ta bar shi a haka. Ta karɓi makullin, ta jawo bakin zanenta, ta ɗaure shi, ta ƙara ƙulli na biyu, ta ja da haƙori. Sai da ta gama tsaf sannan ta dube shi.

"Vrendo," ta ce. "Tashi, kana tare mini hanyar shara. Kai kuma Edafe, je ka kunce mini buhun can, tunda ka girma ka yi wando."

Ticha ya yunƙura ya kasa. Papa Mudiaga ya jingine sandarsa, ya miƙa masa hannu. Da nishi da ƙarar gwiwa, su biyun suka miƙe tare.